Zuwa ga 'yata, a kan rasuwar surukarki

'Yata,

Ina gaishe ki cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Ya haƙuri? Allah ya ƙarfafa ku, ke da maigidanki. Na turo miki wannan tun kafin ku baro Jos, don in kin shiga gidan makoki ba za mu samu keɓewa ba.

Ke da tsufanta kika san surukarki. Ni kuwa tun muna sababbin aure a Zumuntar Mata na san ta, tana haya a unguwar Birget ta Kano da kekenta na ɗinki. A Kantin Kwari take sayo yadi, kuma ba ta zubar da ƙyalle. Tarawa take yi, Kirsimeti na matsowa ta harhaɗa wa marayu riguna. Mutanenmu na ƙauyukan Rogo da Sumaila masu zuwa Asibitin Ido na ECWA, wanda 'yan mishan suka buɗe tun 1943, a wurinta suke sauka. Da asuba za ki gan ta riƙe da sandar tsoho, tana jan sa zuwa layin kati. Ba ta taɓa tambayar baƙo addininsa kafin ta zuba masa tuwo ba. A rikicin Oktoban 1991, maƙwabtanta Musulmi ne suka ɓoye ta a ɗakinsu, lokacin maigidanki yana goye. Jiya da gwauraye suka cika tsakar gida suna nuna wa juna ɗinkinta, Dokas ta cikin Ayyukan Manzanni sura 9, wadda gwauraye suka nuna ɗinkinta bayan ta rasu, ita ce ta faɗo mini a rai.

To, ga abin da nake so ki riƙe. Kada ki yi saurin ce wa maigidanki ya daina kuka wai Mama ta huta. Ta huta ɗin, babu shakka, amma uwa ya rasa. Manzo Bulus bai hana Tasalonikawa baƙin ciki ba, irin na marasa bege ya hana. Yesu ma ya yi hawaye a kabarin Li'azaru, alhali ya san zai tashe shi. Abokan Ayuba kwana 7 suka zauna da shi ba wanda ya ce uffan, kuma sai da suka buɗe baki suka ƙara masa ciwo. Ki zauna kusa da shi, ki ƙyale shi ya yi.

Ki shiga madafa tare da ƙannen mijinki, kada ki jira a sa ki. Matan unguwa za su zo gaisuwa, ki tanadar musu buta da tabarma mai tsabta don salla. Zancen zannuwanta da keken ɗinki kuwa, ko an nemi bakinki, ki ce na 'ya'yanta ne.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne Baba, surukinki. Bayan jana'iza kowa zai watse, fasto da dattawan ikilisiya su koma hidimarsu, shi kuma idonsa ya yi rauni, ita ce ke karanta masa Zabura kowace safiya. Ki roƙi maigidanki ku ƙara ko mako ɗaya. Ki karanta masa, ki lura ko yana cin abinci, don ba zai taɓa faɗa miki yana jin yunwa ba.

Ki taho da yaran duka, ganinsu zai yi masa amfani. Za ki same ni a gidan. Allah ya kawo ku lafiya.

Mahaifiyarki