Kafin a Zaɓi Tsibiri, a Fara Duba Hanyar Jirgi

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida mai farin jini domin in yi tsokaci a kan wani nau'in yawon buɗe ido da ake yawan tallatawa a 'yan shekarun nan, wato hutun da mutum zai yi yana ƙetarawa daga wannan tsibiri zuwa wancan. Tallace-tallacen kusan duk salonsu ɗaya ne: hoton farin rairayi da shuɗin ruwa, sai jerin sunayen tsibirai shida ko bakwai, sai alkawarin za a zaga su duka cikin kwana goma. Abin da ba a gaya wa mai biyan kuɗi shi ne yadda zai isa kowane ɗaya daga cikinsu, alhali a nan ne tafiyar take gyaruwa ko ta lalace. A ganina, jadawalin jiragen ruwa ne ya kamata ya zaɓa wa matafiyi tsibiransa, hoto kuwa ya biyo baya.

Mu ɗauki ƙasar Girka, wadda ta yi suna a irin wannan hutu. Tana da tsibirai manya da ƙanana kusan 6,000, amma ɗari biyu da 'yan kai ne kawai mutane ke zaune a cikinsu, kuma rukuni-rukuni suke, kowane rukuni da layin jiragensa. Wanda ya rubuta Santorini da Corfu a takarda ɗaya saboda ya ga hotunansu sun burge shi, bai san cewa na farkon yana rukunin Cyclades a kudu maso gabas ba, na biyun kuma yana can yamma da ƙasar, kuma babu jirgin fasinja da ke haɗa su kai tsaye. Dole ne ya koma babban yankin ƙasar, ko ya hau jirgin sama ya bi ta Atina. Amma da zai tsaya a cikin Cyclades kaɗai, daga Paros zuwa Naxos tafiyar ba ta wuce awa ɗaya ba, Mykonos ma yana kusa, daga can kuma ƙaramin jirgi zai kai shi Delos ya ga kufan tsohon birnin ya dawo a ranar, tunda ba a yarda baƙo ya kwana a wurin ba.

Ko da tsibiran suna maƙwabtaka, kowace ƙaura tana cin lokacin da ba a rubuta shi a jikin tikiti ba. Mutum zai haɗa kaya ya bar masauki kafin azahar, ya je tasha ya tsaya cikin rana yana jiran jirgin da mai yiwuwa ya makara a tashar baya. Idan jirgin ya iso, sai ya juya ya matso da baya, a sauke masa ƙatuwar ƙofar ƙarfe, motoci da masu sauka su kwararo waje, ma'aikata na daka tsawa ana tura masu shiga ciki, kowa ya jefa akwatinsa a kan tarin na wasu, cikin 'yan mintuna an ɗage ƙofa an kama hanya. A ɗaya gefen kuma sai neman mota, sai a tarar ba a gama gyara ɗaki ba. Rabin yini ya tafi ke nan. Mai tsibiri bakwai a kwana goma zai sha wannan wahalar sau shida, wato kusan kwana uku na hutunsa a bakin tasha zai ƙarar da su. Ba banza ba aka ce kwaɗayi mabuɗin wahala. Shawarata ita ce a ba kowane tsibiri aƙalla kwana uku, wanda hakan ke nufin tsibiri uku sun ishi mai kwana goma.

Sai batun yanayi, wanda masu talla suka fi yin shiru a kansa. A watannin Yuli da Agusta, daidai lokacin da baƙi suka fi cika Cyclades, iskar arewa mai ƙarfi da ake kira meltemi takan yi kwanaki tana kaɗawa. Ƙananan jirage masu gudu, waɗanda mai gaggawa ya fi so, su ne ake fara soke tafiyarsu, kuma su ne suka fi jijjiga fasinja har ya yi amai, yayin da manyan jirage masu tafiyar hawainiya sukan ci gaba da aikinsu. A Zanzibar, damina mai ƙarfi tana sauka ne daga Maris zuwa Mayu. A yankin Karebiyan, lokacin mahaukaciyar guguwa yana farawa daga Yuni har ƙarshen Nuwamba. A Maldives kuwa, jiragen saman da ke sauka a kan ruwa da rana kawai suke tashi, saboda haka wanda ya iso babban filin jirgi da dare, kuma irin wannan jirgi ne zai kai shi masaukinsa, sai ya kwana kusa da Malé, babban birnin ƙasar, komai tsadar ɗakin da ya riga ya biya a wani tsibirin.

Bayan an tantance tsibiran da hanya ta haɗa, sai a zaɓi waɗanda ba su yi kama da juna ba, domin in ba haka ba me ya kai mutum ɗaukar kaya? Cape Verde, mai tsibirai 10 da ake zaune a 9 daga cikinsu, ta isa misali. Sal da Boa Vista duk shimfiɗaɗɗun wurare ne masu rairayi da busasshiyar iska, wanda ya ga ɗaya ya kusan ganin ɗayan. Amma Santo Antão duwatsu ne masu tsayi da kwaruruka masu kore, ba ya da filin jirgin sama mai aiki, sai an shiga jirgin ruwa daga Mindelo a tsibirin São Vicente an yi kamar awa ɗaya. Fogo kuma dutse ne mai aman wuta da ya kai tsayin mita 2,829, wanda ya yi amai a 2014 ya binne gidajen mutanen da ke zaune a gindinsa. Wanda ya haɗa Sal da São Vicente da Santo Antão ya ga abubuwa uku daban, ko da yake ya kamata ya sani cewa tsibiran wannan ƙasa suna da nisa da juna, kuma tsakanin wasunsu jirgin sama ne ya fi dacewa. Mai tafiya da dattawa ko ƙananan yara kuwa, Seychelles ta fi masa sauƙi, domin daga Mahé zuwa Praslin kimanin awa ɗaya ne, daga Praslin zuwa La Digue kuma minti 15.

Akwai kuma maganar biza, wadda ba ta taso wa mai yawo a cikin ƙasa ɗaya, amma takan tsayar da tafiya cak a Karebiyan. Jirgin ruwa ɗaya yana haɗa Guadeloupe da Dominica da Martinique, sai dai na farko da na ƙarshe yankunan Faransa ne da ba sa cikin Schengen, wato tsarin bizar bai ɗaya na yawancin ƙasashen Turai, na tsakiyar kuma ƙasa ce mai cin gashin kanta. Dole ne matafiyi ya binciki sharaɗin shiga kowannensu da fasfon da yake riƙe da shi tun kafin ya biya kuɗin masauki.

Game da jerin tafiyar, ya fi kyau a fara da tsibiri mafi nisa, a riƙa matsowa, a yi kwanan ƙarshe a inda filin jirgin komawa gida yake, saboda jirgin sama ba zai jira wanda iska ta tsare a wani tsibiri ba.

Roƙona gare ka, Malam Edita, shi ne duk lokacin da shafinku na tafiye-tafiye zai kawo labarin wani tsibiri, a gaya wa masu karatu tashar da ake hawa jirgi zuwa can, da tsawon tafiyar, da watannin da teku kan hana fita.

Na gode.

Naka,
Wani mai karanta jaridarku