Naira 6.98 da mai ƙaramar waya

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da abokan aikinka, ina roƙon ɗan fili a jaridarku don in yi magana a kan shafinku na fasaha da sadarwa, wanda ba na bari ya wuce ni. Kuna ƙoƙari, Allah Ya ƙara basira, amma yau ƙorafi ne ya kawo ni. Duk sanda kuka ɗauko labarin waya, ko dai sabuwar da Samsung ko Tecno suka fitar ce mai kyamara kaza, ko kuma 5G ya isa wata unguwa a Abuja. Labarai ne, ban musa ba. Sai dai wayar da za ka gani a aljihun manomi da ɗan acaɓa da tsohuwa mai sayar da daddawa ita ce ƙaramar nan mai madannai da tocila, kuma sauye-sauyen da aka yi a 2025 sun fi taɓa mai ita fiye da kowa, ba tare da an ji ta bakinsa ba.

Alƙaluman Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, su ma sun nuna haka. A ƙarshen 2024, layukan da ke kan 5G ba su kai kashi 3 cikin 100 ba, alhali an yi gwanjon lasisinsa tun Disamban 2021, inda MTN da Mafab kowanne ya biya dala miliyan 273.6. Waɗanda ke kan 2G kuwa, tsohon sabis ɗin da ƙaramar waya ke aiki da shi, sun kai kusan kashi 40. To wane ne ya fi cancantar shafi guda a jarida, uku ko arba'in?

A watan Janairun 2025 NCC ta amince wa kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da saƙo da data da kashi 50 cikin 100. Su ninki suka nema, aka ba su rabi, bisa hujjar cewa rabon da a taɓa farashin tun 2013. Saƙon tes ya tashi daga naira 4 zuwa 6. Ƙungiyar ƙwadago ta NLC ta yi barazanar zanga-zanga, aka zauna, aka tashi, ƙarin ya tabbata. Wannan kowa ya ji shi, domin masu data sun yi ta kururuwa a Facebook, musamman da wani tsarin data na mako na MTN ya tashi daga naira 2,000 zuwa 6,000, har kamfanin ya fito ya ba da haƙuri. Masu babbar waya suna da bakin magana. Abin da ya biyo baya a watan Yuni shi ne ya wuce kusan shiru, kuma a nan gizo ke saƙar.

Ina nufin kuɗin USSD, wato lambobin nan da ake dannawa da tauraro a farko don tura kuɗi ko duba abin da ya rage a asusun banki ba tare da intanet ba. Tun Maris ɗin 2021 Babban Bankin Najeriya da NCC suka tsayar da naira 6.98 a kan kowace mu'amala. Banki ne zai cire daga asusunka ya miƙa wa kamfanin waya. Kamfanonin suka ce bankuna na cira amma ba sa miƙawa, bashi ya taru har suna maganar kusan naira biliyan 250. A Janairun 2025 sai da NCC ta yi barazanar ƙwace lambobin bankuna tara a kan wannan bashi. Maganin da aka samo daga ƙarshe shi ne a daina bi ta hannun banki: daga Yunin 2025, daga katin wayarka ake cire 6.98 ɗin kai tsaye, a kan kowane zama na daƙiƙa 120.

A takarda abin ba laifi, kuɗin ma bai ƙaru ba. Amma ka zo kasuwarmu ranar da take ci, ka tsaya kusa da rumfar masu hatsi. Dattijo ya sayi buhun masara, ba tsabar kuɗi a jikinsa, sai tiransifa. Zai zaro wayar daga aljihun gaba, ya nesanta ta da idonsa saboda hasken rana, ya danna tauraro da lambar bankinsa. Jerin zaɓi zai fito, da Turanci. Sai ya kira yaron da ke riƙe da bakin buhu ya karanta masa. A zaɓi tura kuɗi, a zaɓi wani banki daban, a shiga neman sunan bankin mai hatsi a jerin da sai an danna na gaba, an sake danna na gaba. Mai hatsin ya fara karanto lambar asusunsa guda goma, ana hayaniya, a ce ya maimaita ukun ƙarshe. Kafin a kai ga lambar sirri, wadda dole dattijon ya karɓi wayar ya juya baya ya sa da kansa, minti biyu sun cika, allon ya koma kamar ba a yi komai ba. A sake daga farko. Ɗan boko mai saurin yatsa zai gama wannan a rabin minti. Ke nan tsarin da ake aunawa da lokaci, a kan jerin da aka rubuta da harshen da mai wayar ba ya karantawa, wanda ya fi rauni shi ne zai fi biya.

Ƙungiyar kamfanonin waya, ALTON, ta ce ba za a caji kowa ba sai zaman ya yi nasara. Madalla. Amma nasara a wurin wa? A wurin kamfanin waya, da zarar saƙonka ya isa banki ya dawo, ya yi nasa aikin. A wurin dattijon nan kuwa, nasara ita ce alat ya shiga wayar mai hatsi a ɗora masa buhunsa a kan babur. Tsakanin waɗannan biyun akwai rami mai faɗi, kuma ni da kaina na sha faɗawa cikinsa: kati ya ragu, kuɗi bai tafi ba. Ka kira kamfanin layi su ce matsalar bankinka ce, ka je banki ka bi dogon layi a ce maka sabis ne. Wa zai hau mota zuwa gari don bin kadin naira bakwai? Ba kowa. Shi ya sa ba wanda ke dawo da ita. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Kuma ba ita kaɗai ake cira ba. A 2025, wanda zai tura wa mahaifiyarsa naira 3,000 a wani bankin, bayan 6.98 akwai naira 10 na tiransifa bisa jadawalin Babban Banki na 2020, da harajin VAT a kanta, da naira 6 na saƙon alat. Jimla ta haura naira 20. Idan kuɗin ya kai 10,000 akwai kuma naira 50 ta gwamnati. Ita kuma mahaifiyar sai ta aika jika wurin mai POS ya ciro mata, shi ma ya yanki nasa. Mai babbar waya da manhajar banki ba ruwansa da 6.98, kuma wasu manhajojin ma kyauta suke tura masa.

Sai wani sabon abu da tsarin ya haifar. Da, in kana da kuɗi a banki kana iya tura su ko da katinka babu ko kwabo. Yanzu kati ya zama mabuɗin asusu. Mutum na da dubu hamsin a banki, ga mara lafiya a asibiti da dare ana jiran kuɗin magani, amma katinsa naira huɗu ya rage, sai ya nemo mai tura masa kati tukuna. Saboda haka mutane suka koyi barin naira ɗari ko ɗari biyu a waya ba sa taɓawa. To ita ma wannan ajiya ba ta tsira ba, saboda waƙoƙin kiran nan da saƙonnin wasanni da na sakamakon ƙwallo da mutum kan wayi gari ya ga an sa shi ciki, wai ya danna wani abu. Wata gwaggona ta daɗe tana cewa wayarta na shan kati, muna yi mata dariya. Da aka duba, ashe wani tsarin ba da labarin ƙwallon Turai ne ake cire mata kuɗinsa a kai a kai, ita da ba ta san Arsenal gari ba ne ko mutum.

Ban zo don in ce kamfanoni ba su da uzuri ba. Yawancin turakun sabis da janareta suke aiki dare da rana, kuma kowa ya san inda farashin dizal ya kai. Kayan aikinsu da dala ake sayowa, dalar da take wajen naira 460 a farkon 2023 ta haura 1,500 a 2024. MTN kaɗai ya bayyana asarar kusan naira biliyan 400 a 2024. Masu aikin hanya suna tsinke wayoyin da aka binne a ƙasa, ɓarayi na kwashe batura, akwai kuma dazuzzukan da injiniya ba zai shiga gyara ba sai ya yi wasiyya. Mu mutanen wannan yanki mun san darajar sabis fiye da mai ba da labari, domin mun ga abin da ya faru a Satumban 2021 da aka kashe shi a Zamfara baki ɗaya da ƙananan hukumomi 13 na Katsina saboda 'yan bindiga: ciniki ya tsaya, mutum sai ya yi tafiya mai nisa kafin ya ji muryar ɗansa. Ba mai son kamfanonin nan su durƙushe. Amma an ce mana ƙarin kuɗi zai kawo ingancin sabis, kuma alkawari kaya ne.

In an ce gyaran da nake nema ba zai yiwu ba, manya cikinmu sun taɓa jin irin wannan. Da GSM ya zo a Agustan 2001, layi kaɗai sai ka ba da wajen naira dubu ashirin, kira kuma naira 50 ne minti guda, ko da sallama kawai ka yi ka kashe. An yi ta cewa lissafi da daƙiƙa ba zai yiwu ba tukuna. Da Glo ya shigo a 2003 da shi, ba a daɗe ba sauran suka bi. Ashe ba na'ura ce ta hana ba.

Abin da nake ganin ya kamata a tambayi NCC da Babban Banki ba shi da yawa. Me zai hana jerin USSD ya fara da zaɓin harshe, yadda cibiyoyin kiran kamfanonin suke ba ka zaɓin Hausa in ka kira 300? In na'ura za ta iya yi maka magana da Hausa, rubuta “Tura kuɗi” da “Duba asusu” ba zai gagare ta ba. Me zai hana kuma a ɗaure cajin da kammaluwar tiransifa, in kuɗi bai tafi ba naira 6.98 ta dawo da kanta ba sai an roƙa ba? Banki da kamfanin waya su suka san inda saƙo ya maƙale, su sasanta tsakaninsu. Shugaban NCC, Dokta Aminu Maida, da Ministan Sadarwa, Dokta Bosun Tijani, suna yawan magana a kan shimfiɗa wayar intanet mai tsawon kilomita 90,000 a faɗin ƙasa. Allah Ya sa a yi. Amma wannan ƙaramin gyara ba ya buƙatar a haƙa rami ko ɗaya.

Ku kuma, Edita, naku ya fi sauƙi. Ku tura wakilinku wata kasuwar ƙauye ranar da take ci, ba da tasa wayar ba, da ƙaramar waya da layukan kamfanonin nan huɗu, ya gwada tura naira ɗari biyar da kowanne tun hantsi har la'asar, ya rubuta sau nawa ta tafi, sau nawa ta maƙale, nawa aka cire masa. Wannan rahoton zai fi sanarwar manema labarai goma amfani, kuma da shi za ku iya tunkarar hukuma da hujja a hannu.

Sannan ku ware ɗan gurbi kowane mako ku riƙa koya wa mutane abubuwan da an riga an tanada amma ba su sani ba. Mutane da yawa ba su san cewa yanzu lambobin iri ɗaya ne a kowane layi ba: *310# don duba kati, *311# don sa kati, *323# don duba data. Ba su san in ka tura STOP zuwa 2442 za a daina turo maka tallace-tallacen da ba ka nema ba, ko kuma in kamfani ya ƙi sauraronka akwai 622, layin ƙorafi na NCC, kyauta. Mafi muhimmanci, ku koya musu sa wa layinsu makullin sirri. Masu ƙwacen waya a Kano da Kaduna ba wayar kaɗai suke so ba, layin suke cirewa su sa a wata, su shiga lalubar asusun mai shi ta USSD ɗin nan. Haka wanda aka rufe masa layi lokacin haɗa shi da lambar NIN ya yar da shi ya sayi sabo, ya kamata ya san cewa tsohuwar lambar ana iya sayar wa wani, don haka ya je banki a cire ta daga asusunsa. Abokan aikinku na gidajen rediyo ma su taimaka su karanta, tunda wanda abin ya fi shafa da kunne yake samun labari.

Na gode da ba ni wannan fili. Allah Ya taimaka.

Naku,
Mai karatu daga Malumfashi, Jihar Katsina