Ga matasan da ke hawan duwatsu: ku lura da kububuwa

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarka in yi magana da 'ya'yanmu da suka ɗauko sabuwar al'ada ta fita hawan duwatsu ranakun Asabar. Abin yana burge ni, domin ya fi zaman majalisa. Sai dai yadda suke fita ne ke tsorata ni: silifas a ƙafa, gajeren wando, ido a kan waya.

Da kakar bara ɗan ƙanena da abokansa suka tafi duwatsun Tula. Kafin su fita na ji suna raha kan abin da za su yi in sun gamu da kura. Ba wanda ya ambaci kububuwa, alhali ita ce mai yankin. 'Yar ƙaramar aba ce, da wuya ta wuce kamu ɗaya da ɗan ɗori, launinta kamar ƙasar da take kwance a kai. Ɗaya daga cikinsu ya zura hannu a tsagin dutse don ya ja jikinsa sama, ta sare shi a yatsa.

Abin da ya biyo baya ne ya sa na ɗauki alƙalami. Suka ɗaure yatsan tamau da wayar caja, wani ya kawo reza ya tsaga wurin, wani ya tsotsa ya tofar. Da yaron ya ce zafin ya lafa sai suka dawo gida, har da cewa kada a gaya wa manya. Washegari yana goge baki ya ga jini na tsattsafowa daga dasashinsa, tsagar rezar kuma ta ƙi tsayawa. Haka dafin kububuwa yake, yana hana jini daskarewa, mutum na yawonsa jinin na zuba ta ciki. Muka garzaya da shi asibitin masu sarar maciji na Kaltungo. Suka ɗebi jininsa a 'yar kwalba, aka jira minti 20, ina tsaye ina kallo aka karkata ta, jinin ya gangaro kamar zoɓo. Allah Ya sa akwai allurar kashe dafi, ya rayu. Kan yatsan dai bai tsira ba, kuma likitan ya ce ɗaurin nan ya taimaka wajen kashe shi.

Don haka, 'ya'yana, ku sa takalmi mai rufe idon sawu da dogon wando mai kauri. Ku riƙe sanda kuna bubbuga gabanku a cikin ciyawa. Kada hannu ya shiga inda ido bai gani ba. In tsautsayi ya afka, a cire zobe da agogo kafin kumburi, kada a ɗaure, kada a tsaga, a hana gaɓar motsi, a ɗauki mutum zuwa asibiti nan take ko da yana dariya. Kada a tsaya farautar macijin. In gamsheƙa ce ta yi tofi a ido, a yi ta wankewa da ruwa mai yawa.

Manyan namun daji kuwa, galibi sai a irin su Yankari za ku gamu da su, can kuma akwai masu rakiya. Ku ji maganarsu, kada ku shiga tsakanin dorina da ruwa ko giwa da ɗanta. Gwaggon birin da ke Wikki, maɓuɓɓugar ruwan ɗumi ta Yankari, ma ba abokin wasa ba ne, ku daina miƙa masa biskit don hoto.

Tun 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa sarar maciji cikin cututtukan da aka yi wa riƙon sakainar kashi. Ina roƙon gwamnatocinmu su kai allurar nan asibitocin ƙauyuka, domin manomi da makiyayi ne suka fi shan sara, kuma ba kowa ke da kuɗin motar zuwa Kaltungo ba.

Naka,
Wani tsohon malamin firamare,
Gombe.