Farfaɗo da kurmi ya wuce lissafin dashe

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ka ba mu fili a wannan jarida mai farin jini mu yi magana kan aikin farfaɗo da kurmin da ya lalace, wato dazuzzukan nan masu duhu da yawan ruwan sama irin na Amazon da kwarin Kwango da tsibirin Borneo. Mu ma'aikatan daji ne, kuma abin da ke ci mana tuwo a ƙwarya shi ne yadda ake auna wannan aiki da yawan dashen da aka sa a ƙasa ranar ƙaddamarwa. A 2011 aka fara yunƙurin Bonn, wanda ke neman a farfaɗo da hekta miliyan 350 kafin 2030, ƙasashe suka yi ta alkawari. Da masana suka bi alkawuran a 2019, sai suka tarar kusan rabin filin gonakin itace iri ɗaya za a mai da shi, irin su turare da roba. Gonar itace tana da ranarta, tana ba da katako da kuɗi, amma biri da cilakowa ba su da abin ci a cikinta, kuma ƙarshenta sara.

Aikin gaskiya yana farawa da gano abin da ya hana dajin dawowa da kansa. Yawanci gobara ce, ko shanu, ko sara, ko ciyawa mai ƙarfi da ta mamaye wurin. In ba a kawar da wannan ba, abin da ya kashe dajin farko shi zai kashe dashen.

Sai a ƙirga abin da ya rage a filin, domin fili da yawa da ake gani kamar fako cike yake da 'ya'yan itace a ƙarƙashin ciyawa. A kafa turke, a ɗaura masa igiya mai tsawon mita 5, a zagaya da ita. A cikin da'irar a ƙirga duk tsiron itace da ya kai rabin mita, da kututturen da ke toho, da manyan itatuwa masu ba da iri. A yi haka a wurare goma ko fiye a warwatse, kada a zaɓi inda ya fi kyau kawai. A fitar da matsakaicin adadin a ninka da 127, shi ne kimanin abin da ke cikin hekta ɗaya. Sashen binciken farfaɗo da daji na Jami'ar Chiang Mai a Tailan yana aiki da ma'aunin itace 3,100 a hekta, domin a wannan kaurin rassa ke haɗuwa su yi inuwa cikin shekara biyu zuwa uku. In ƙidayar ta kai haka, babu buƙatar dashe ko ɗaya. In ta ba da 1,800, to 1,300 kawai za a cike.

Inda tsiro ya wadata, renonsa za a yi. A kafa wa kowanne sanda don kada a taka shi, a share ciyawa rabin mita kewaye da shi. A kan kututture a bar toho biyu ko uku mafi ƙarfi, a cire sauran. Tofa ita ce babbar abokiyar gaba a irin wannan fili. In an ƙone ta, saiwarta tana nan a ƙasa, ta fito da ƙarfi fiye da da. In an yanke ta ma haka. Abin da ake yi a Filifin shi ne a ɗaura igiya a kan faffaɗan katako, mutum ya riƙe igiyar yana taka katakon yana kwantar da tofar. Kwantacciyar tofa tana danne sabon tohonta, tana riƙe laima, kuma ko wuta ta kama ba ta yin dogon harshe. Kafin rani a share layin tare wuta mai faɗin mita 5 zuwa 10 kewaye da filin, a kwashe busasshiyar ciyawar daga kansa gaba ɗaya, a kuma sa masu gadi. Wuta ɗaya tana cinye aikin shekara uku a yini guda.

Kada a raina wannan hanya don ba ta da kwalliya. Wani babban bincike da aka buga a 2021 kan dazuzzukan da suka dawo da kansu a nahiyar Amurka da Yammacin Afirka ya nuna cewa cikin shekara 20 sukan maido da kusan kashi 78 cikin ɗari na siffofin tsohon kurmi. Ƙarfin ƙasa kan dawo kafin shekara 10. Nauyin itace da cikar ire-iren itatuwa kuwa sai an haura shekara 100. Wannan ma hujja ce ta a fara da tsare kurmin da bai faɗi ba tukuna.

Dashe yana zama dole inda aka daɗe ana kiwo ko noma har iri ya ƙare a ƙasa, ko inda sauran kurmin ya yi nisa. A nan a haɗa iri 20 zuwa 30 na itatuwan asalin wurin, a gauraya masu saurin girma da masu jinkiri, tazarar mita 1.8 tsakaninsu, ba sai a jere ba. A zaɓi masu faɗin rassa da masu saurin 'ya'ya. Dangin ɓaure ba su da na biyu a nan, saboda suna 'ya'ya a lokacin da sauran itatuwa suka huta, tsuntsaye da jemagu su zo ci su zubar da irin wasu itatuwan a kashinsu. Mafi yawan itatuwan kurmi dabbobi ne ke baza irinsu, saboda haka dashen kira ne ga dabbobi su zo su ƙarasa aikin. In kuɗi ya yi kaɗan, a dasa tsibi-tsibi. An gwada haka a kudancin Kosta Rika, aka ga tsibi mai faɗin mita 8 ko 12 yana jawo tsuntsaye da iri kusan kamar filin da aka dasa baki ɗaya, da kusan rubu'in dashen. Ƙananan tsibi na mita 4 ba su yi abin kirki ba.

A wurin renon dashe ake tafka kurakuran da ba a gani sai daga baya. Irin itatuwan kurmi da yawa ba ya jure bushewa. In aka shanya shi ko aka ajiye a buhu, ya mutu, dole a shuka shi cikin 'yan kwanaki. A tattaro iri daga uwaye 30 ko fiye masu nisa da juna, domin 'ya'yan uwa ɗaya cuta ɗaya ke kwashe su. Dashen da ya daɗe a leda saiwarsa takan nannaɗe, ya yi kamar ya kama, bayan 'yan shekaru iska ta kayar da shi. A fitar da shi yana santimita 30 zuwa 50. Wata guda kafin dasawa a riƙa rage masa ruwa da inuwa ya saba da rana. A dasa da zarar damina ta kankama, a cire ledar, a rufe gindin da busassun ganye, sannan a yi masa noma da taki sau uku kowace damina har shekara biyu. Wannan kashi na ƙarshe shi ake yawan yankewa daga kasafi. Wani nazari na 2022 kan ayyukan dashe a kudanci da kudu maso gabashin Asiya ya gano kashi 18 cikin ɗari na mutuwa a shekarar farko, a shekara ta biyar kuma mutuwar ta kai kashi 44.

Namun daji suna buƙatar abu biyu: hanya da tsaro. Kurmin da aka yanyanka gunduwa-gunduwa yana kulle dabbobi, dangi su yi ta barbarar juna har su yi rauni. Shi ya sa ƙaramin fili da ya haɗa gunduwa biyu, musamman ta bakin rafi, yakan fi babban fili a keɓe amfani. A gabar tekun Birazil, wani ɗan ƙaramin biri mai gashi kamar zinariya ya ragu zuwa kusan 200 a shekarun 1970, yanzu ana lissafa shi da dubbai, kuma irin waɗannan hanyoyi na cikin abin da ya cece shi. Farauta kuwa in ta kwashe giwa da manyan birai da manyan tsuntsaye, itatuwa masu manyan ƙwallo ba su da mai ɗaukar irinsu. A irin wannan daji sai mutum ya dasa su da hannu a ƙarƙashin inuwar itatuwan da suka riga su tsayawa.

Duk wannan ba zai ɗore ba in mutanen da ke zaune a bakin dajin ba su da rabo. A kudancin Kosta Rika an bi tarihin dazuzzukan da suka dawo, aka ga rabinsu an sake sare su kafin su cika shekara 20. Manomin da ke tsoron a ƙwace masa fili in ya bar shi ya yi duhu zai share shi, kuma ba mu ga laifinsa ba. Don haka kafin a haƙa rami ko ɗaya, a zauna da jama'a a shata iyaka, a rubuta wanda ke da filin, wanda zai ɗebi zuma da magani da itacen girki, da adadin da za a ɗiba. A bar zobe a gefen dajin inda za a noma koko ko kofi a ƙarƙashin inuwa. A sayi iri daga hannun mutanen wurin, kamar yadda ake yi a yankin kogin Xingu na Birazil tun 2007. A biya ladan gadin wuta da noma, kuma a ɗora wani kaso na biyan a kan itacen da ya rayu. Kosta Rika ta yi doka a 1996 da ke biyan masu filaye don su bar daji a tsaye, ana samo kuɗin daga harajin man fetur.

Roƙonmu ga wakilanku, Malam Edita, shi ne duk lokacin da aka kawo musu labarin an dasa itace miliyan kaza, su tambayi iri nawa ne, filin na wane ne, nawa aka ware don noma da tare wuta, sannan su koma wurin a shekara ta uku su kafa turke su ƙirga.

Wassalam.

Daga wasu ma'aikatan gandun daji