Wasiƙa zuwa ga Yaya a Tawa, kan hannun Auta

Assalamu alaikum Yaya,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kuna lafiya, kai da Inna da yara duka. Nan Biruksel lafiya lau, sai sanyi. Ka ce wa Inna ta kwantar da hankalinta, wanda ya kai mata labarin an kwantar da ni asibiti ƙarin gishiri ya yi. Awo kawai na je, washegari na koma aiki.

Maganar Auta ce ta hana ni barci. An ce tun shigowar hunturu in ta taɓa ruwan randa da asuba yatsunta sai su yi fari fat, su dafe, daga baya su ɗauki zogi, har ɗaya ya fara miki. Wai Gwaggo ta ce sammu ne, ana ta hayaƙi. Yaya, nawa ma haka ya soma.

Likita ta ɗiga mini mai a gindin farce ta duba da madubin awo. Akwai ƙananan jijiyoyin jini a wurin, sun fi gashi siranta, waɗansu nawa sun kumbura, waɗansu sun ɓace. Ciwon suna ce masa siklerodarmi: garkuwar jiki ce ke juyowa ta yaƙi mai ita, kuma mata ya fi kamawa. Da aka auna jinina bitamin D bai kai 20 ba, ƙasa da haka kuwa rashi ne. Ta ce masu wannan ciwo da masu lufus, shi ma wani ciwon garkuwar jiki ne, sau da yawa haka ake samunsu. Bitamin ɗin ba ya warkar da ciwon, amma dole a cike shi, ko don ƙashi. Fata ce ke yin sa in rana ta taɓa ta, baƙar fata kuma ta fi jinkiri. Mu nan daga Nuwamba zuwa Fabrairu rana sai dai a suna kawai. Za ka ce ai Tawa rana har ta yi yawa. To, Auta tun da aka kai ta ɗaki yaushe rabonta da tsakar gida?

Na turo jika 150. Na Yamai ne, kuɗin mota da awo a babban asibitin ƙasa. Ba na bashin Kawu ba ne, ba na ankon biki ba. Kai da kanka za ka kai ta, kada ka damƙa wa mijinta. Shi kuma a gaya masa ya bar busa mata taba a ɗaki, hayaƙin na ƙara tsuke jijiyoyin.

Kafin nan ta riƙa alwala da ruwan ɗumi, ta sa safar hannu, a ba ta sardin da ƙwai. Kada a sayo bitamin wurin masu tallar magani, in ya yi yawa yana taɓa ƙoda. Kada kuma a shanya ta a rana sai likita ya gani, don in lufus ne rana tayar da shi take yi.

Na san ana cewa na zauna Turai ina aiko umarni. Da hannun nan nake goge benaye kafin in haɗa kuɗin, ban roƙi kowa ba. Allah ya sani da takarduna sun fito, da ni zan riƙe ta cikin mota. Rasuwar Baba ma ba na nan, har yau abin na cina.

Kuɗin nan na Yamai ne, Yaya. In an ba ku takardar awon ka ɗauka ka turo mini ta WhatsApp. A gaida Inna, ta sa ni cikin addu'a.

Ƙanwarka