Zuwa ga abokina a Yawunde, kan maganar rabo na ice, abin da kafinta ke goge katako da shi ya yi sumul

Assalamu alaikum mutumina,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, ya iyali, ya yara, ya ruwan Yawunde da ba ya gajiya? Mu nan Garwa sai godiya, zafi ya kama sosai, Binuwai ta janye duk yashi ya fito, rana na yi shago sai ya koma ba ya zaunuwa, aikin ma da sassafe muke yinsa sai kuma bayan la'asar.

Na saurari saƙonka na WhatsApp, inda kake cewa rabo ɗin ice da marigayi maigida ya ba ka ranar da ya sallame ka daga koyon kafinta ya ƙi aiki, weji, guntun icen da ke matse ƙarfen kaifi a cikinsa, ya kafe ya ƙi fita, bakin na toshewa, katako kuma sai yagewa yake, har kana tunanin jefa shi cikin akwati ka sayi na ƙarfe. Wallahi maganar ta tsaya min a rai, shi ya sa nace bari in zauna in rubuta maka a tsanake tunda saƙon murya bazai ɗauka ba. Dan Allah kar ka yar da shi. Lafiyarsa ƙalau, gari ne ya canja masa.

Ka tuna a nan ya yi rayuwarsa, garin da hunturu ke busar da komai har ƙofa ta tsage, sai ka ɗauke shi ka kai shi unguwar Briqueterie ta Yawunde inda iska ke jiƙe kusan duk shekara. Ice ai shan danshi yake ko ya shekara nawa da sarewa. Jikin ya kumbura, weji ya kumbura, ƙarfen ya yi tsatsa ya manne, shi ke nan. Mu kuma kishiyar haka ke samunmu, katakon da ake ɗauko mana daga kurmin kudu, ayus da iroko da sapeli, jirgin ƙasa ya sauke a Ngaundere manyan motoci su ƙaraso da shi Garwa da Marwa har Kuseri da Njamena, kana ajiye shi wata biyu cikin hunturu zaka ga ya tsuke ya murɗe. Rabo ma haka, a wajenmu jikin tsukewa yake ya matse ƙarfen ta gefe da gefe, ƙarfe kuwa ba ya tsukewa, in ba'a kula ba sai kumatun, wato gefunan da ke riƙe da weji, su tsage.

To fara da cire wejin. Kar ka sa filaya, kar ka dake shi ta gefe, kar ka zura masa sukudireba, haka ake kashe su. Ka riƙe rabo ɗin a hannun hagu, babban yatsa a cikin baki yana danne ƙarfen don kar ya zame ya faɗi ƙasa ko ya sare maka ƙafa, sai ka samu guduma ta ice ka bugi ƙeyarsa, wato ƙarshen baya, bugu mai kyau guda guda. Jikin ne ke zabura gaba ya bar ƙarfe da weji a baya, da kansu zasu saki. Dogon kuwa, warlof, wanda ya kai santimita 60 ko fiye, shi a sama ake bugunsa ta gaban baki, wasu ma akwai ɗan maɓalli da aka dasa a wurin don bugun. In ya ƙi, ka kai shi ɗakin da ya fi bushewa ya yi kwanaki, amma ba cikin rana ba kuma ba kusa da murhu ba, sai ka sake gwadawa. Zai fita in sha Allah.

In ƙarfen ya fito ka goge tsatsar ka duba tambarin da ke samansa. In ban da ƙwaƙwalwata ta ruɗe ni, na maigida duk Peugeot Frères ne aka buga musu, e, su dai masu motar, ai tun 1810 aikin ƙarfe suke a Faransa, zarto da kayan aiki suke ƙerawa tun kafin a san mota. Wasu kuma zaka ga Goldenberg. Irin waɗannan tsofaffin da yawansu ƙarfe biyu ne aka haɗa a maƙera, mai tauri siriri a wajen kaifi, mai laushi a jiki, shi ya sa suke saurin wasuwa kuma kaifin ya daɗe. Kar ka kai wa masu injin wasa na bakin titi su ɗora shi kan dutse mai gudu ba ruwa, da zarar ka ga bakin ya yi shuɗi to ya ƙone, taurin ya tafi, sai an cinye wurin duka kafin a sake samun na kirki. Dutsen hannu da ɗan mai ko ruwa ya isa. Gangaren kaman digiri 25 zuwa 30, ka yi ta gogawa har ka ji ɗan ƙaiƙayi ya taso ta baya in ka shafa da yatsa, sai ka kwantar da bayan shimfiɗe a kan dutse ka ɗauke shi. Bayan nan kar ka ɗaga shi ko kaɗan, a kwance yake tafiya.

Maganar toshewa, wannan kusan kullum abu biyu ne. Na farko ƙarfen sama, wanda ake ɗaurewa da sukuru a kan mai kaifin. In ka ɗaga su biyun wajen haske ka hango ko ɗan siririn haske tsakaninsu a baki, to nan sassaƙen ke shiga ya maƙale, na baya ya zo ya taru a kansa. Ka goge leɓensa a dutse har ya zauna daram. Na biyu kuma ƙahonnin weji, waɗannan yatsu biyun da ke gangarawa ƙasa, in sun karye ko sun yi kaushi ko sun ɗago daga jikin ƙarfe sai su riƙa kama sassaƙe. Ka fere su da wuƙa su yi sumul su kwanta. Kar ka je ka faɗaɗa bakin rabo ɗin da kurfi wai don ya samu hanya, na ga masu yin haka, toshewar ba ta dainawa kuma an lalata abu har abada.

Yanzu saiti, wanda shi ne ainihin abin da ke sa yaran yanzu gudun rabo na ice, don babu abin murɗawa kaman na rabon ƙarfe na kamfanin Stanley. Amma wallahi in hannu ya saba ya fi sauri. Ka zura ƙarfen ya tsaya daf da baki bai leƙo ba, ka tura weji da yatsa, ka ɗan taɓa shi da ƙaramar hama, taɓawa fa nace ba duka ba. Sai ka juya rabo ɗin ka leƙa ta gaba, idonka na bin tafinsa, ka sa farar takarda ko farin bango a can baya don ka gani sosai. Ka riƙa ƙwanƙwasa kan ƙarfen a hankali har wani baƙin layi siriri kaman gashi ya ɓullo. In gefe ɗaya ya fi fitowa, ka ƙwanƙwasa saman ƙarfen ta gefe har layin ya daidaita. In ya wuce, ka bugi ƙeya kaɗan ya koma ciki, ka sake. Kuma duk sanda ka taɓa ƙarfe ko ƙeya, ka koma ka taɓa weji, saboda tsohon ƙarfe ya fi kauri a ƙasa, yana gangarawa matsin na raguwa. Kunne ma na da aiki a nan. Weji mai sako-sako ƙararsa fanko ce, yana zama daidai zaka ji sautin ya cika ya yi tauri, to nan zaka tsaya, bugu ɗaya a kan wannan shi ne mafarin tsagewar kumatu. Ka tuna yadda maigida ke yi yana hira da mutane ko kallon rabo ɗin ba ya yi, ƙwas ƙwas biyu ya ɗora a katako? Ba wani asiri bane, kunnensa ne ke wurin. Allah ya jiƙansa da rahama.

In ka saita kuma ka ji yana karkarwa yana barin ƙananan layuka a katako, to ƙarfen bai kwanta a gadonsa da kyau ba. Ka shafa baƙin fensir ko hayaƙin kyandir a bayan ƙarfen, ka mayar ka matse ka cire, inda baƙin ya taɓa shi ne tudu, ka kankare shi kaɗan kaɗan.

Sai tafin. Ina da tabbacin ya motsa tunda ya sha danshi, alamarsa ita ce ko dai ya ƙi ci sam, ko kana ƙara bugu ɗaya ya cafki katako da yawa, babu tsakiya. Yawanci wani ɗan tudu ne ke tasowa a bayan baki saboda matsin weji. Ka samu gilashi mai kauri ka manna sanfefa a kai, ka zana layukan fensir a tafin, ka bar ƙarfe da weji a ciki a matse yadda kake aiki da su amma kaifin ya koma ciki, wannan kar ka manta, in ka cire su ka goge to kana mayarwa zai sake lanƙwasa. Ka goga har layukan su ɓace, musamman gaba, daf da baki, da ƙarshe. Ka tsaya da wuri, don duk gogewa ɗaya bakin na ƙara faɗi. Kuma ka bari ya yi makonni ya saba da iskar garin tukuna kafin ka taɓa tafin, in ba haka ba aiki biyu zaka yi.

Sapeli kuwa da kace yana yagewa, ba laifin rabo bane kaɗai, halinsa ne. Jijiyarsa a sarƙe take, layi ɗaya ya kwanta gabas na kusa da shi ya kwanta yamma, shi ne ma ke ba shi wannan ratsin mai kyau in an shafa masa mai, to ta duk inda ka biyo kana tayar wa wani layin gashi. Maganinsa kaifi sabo fil, ci siriri sosai, ka matso da ƙarfen sama daf da kaifi ƙasa da rabin milimita, ka ɗan karkata rabo ɗin kana turawa. Abin da ya rage ka bi shi da makankari, guntun tsohon zarto ma ya isa in ka gyara bakinsa. Maɗacinmu na nan ma ɗan'uwansa ne, haka yake yi. Iroko shi kuma wani lokacin akwai ɗan dutse fari a cikinsa mai dakushe kaifi nan take, ga ƙurarsa na sa atishawa da ƙaiƙayi, ka riƙa rufe hanci. Ayus don yana da laushi mutane ke raina shi, amma da dakusasshen ƙarfe sai ya yi ta tashin gashi, shi ma kaifi yake so.

Wajen turawa ka san wannan, ina dai tuna maka ne don ka koya wa yaranka na shago. Farkon katako nauyi a hannun gaba, ƙarshe nauyi a hannun baya, in ba haka ba sai bakunan biyu su zube tsakiya ta yi doro. Da jiki ake turawa ba da damtse ba, ƙafa ɗaya gaba. In zaka dawo ka ɗan ɗaga. Ka share katako da buroshi kafin ka fara, mu nan yashin hunturu ne ke cin kaifi, ku kuma jar laka. Ka goga kyandir layi biyu a tafin zaka ji ya sulale, ice kan ice daɗinsa daban ne, ga shi ba nauyi, ka wuni kana aiki kafaɗa bata mutu ba. Ni ba na ƙin na ƙarfe, ina da shi, injin ma ina kai katako in aiki ya yi yawa, amma ranar da aka ɗauke wuta mai ƙofa na tsaye a kanka, wannan guntun icen ne ke fitar da kai kunya. Kuma a garin danshi irin naku na ƙarfen tsatsa zai ci gaba ɗayansa, wannan kuwa ƙarfen ciki kawai zaka riƙa shafa wa mai.

Kullum in zaka tashi aiki ka bugi ƙeya sau ɗaya ka sassauta weji, kar ya kwana a matse, ka ajiye shi a kan katako ba kan siminti ba. Wannan kaɗai da ka riƙa yi da bai kafe ba.

Ka ɗauko min hoton tafin da na bakin daga kusa ka turo. In na ga bakin ya yi faɗi da yawa akwai guntun kirya busasshe a wurina, zan yanko maka daidai in ba wani mai tahowa ta Ngaundere, ka sassaƙa gurbi a gaban bakin ka dasa shi da gam, zai rufe ya dawo tsaf, kirya kuwa ka san ba ta cinyewa da wuri. Ka gaya min faɗin ƙarfen ma da milimita.

Ka gaida min madam da yara, da duk 'yan Garwa da ke wajen. Su Inna na gaisheka, suna tambaya ko zaka zo da babbar sallah.

Naka har kullum,
abokin aikinka na Garwa