Kwana huɗu a ƙofar caji ofis, da inda sashe na 35 ya samo asali

Malam Edita, assalamu alaikum.

Na saurari shirinku na ranar Lahadi, inda ɗaya daga cikin baƙinku ya ce maganar 'yancin ɗan Adam surutun 'yan boko ne, Turawa suka ƙago ta don talaka ya raina shugaba. Maganar ta tsaya mini a rai. Shekara 30 na yi ina koyar da tarihi a sakandare, kuma wata biyu da suka wuce na yi kwana huɗu ina safa da marwa a ƙofar wani caji ofis saboda ɗan ƙanwata.

Yaron gyaran waya yake yi. Wani ya kawo masa waya, ashe ta sata ce, sai aka kwashe shi daga shagonsa. Kullum da sassafe uwarsa ta zo da kunu a filas da ƙosai a leda, ta zauna a benci tana jan carbi, amsar da muke samu ɗaya ce: oga bai shigo ba, ku dawo gobe. Rana ta huɗu wani tsohon ɗalibina da ya zama lauya ya zo. Ko murya bai ɗaga ba. Sashe na 35 na kundin tsarin mulkin 1999 ya karanta musu, wanda ya ce a sanar da wanda aka kama dalilin kama shi a rubuce cikin awa 24, da harshen da yake ji, kuma a kai shi gaban alƙali cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40. Kafin la'asar aka ba da belinsa.

Waɗannan layukan da suka buɗe ƙofar suna da tarihi, kuma mutanen da suka san ɗacin tsoro ne suka fara tunaninsu. A Faransa ta ƙarni na 18, sarki na iya sa hatimi a takarda guda a jefa mutum kurkuku ba tuhuma ba shari'a. Haka aka yi wa marubuci Voltaire a 1717, ya shafe wata 11 a kurkukun Bastille saboda waƙoƙin zambo ga mai riƙon sarauta. A Ingila kuwa akwai masu koyar da cewa sarki ya gaji mulki ne tun daga Annabi Adamu, don haka tambayarsa ma saɓo ne. Masanin falsafa John Locke ya ƙi wannan. Hujjarsa ita ce Allah ya ba kowane mutum hankali, ba a haifi wani da linzami a baki wani da bulala a hannu ba. Mutane ne suka yarda suka ɗora hukuma don ta tsare musu rai da 'yanci da dukiya. Mulki amana ne a wurinsa, wanda ya ci amanar kuwa ana iya sauke shi. Wannan ra'ayi bai bar shi ya zauna lafiya ba, a 1683 ya tsere Holan, bai dawo ba sai 1689 bayan an kori Sarki James na biyu. Ubangidansa Shaftesbury ne ya tsaya kai da fata har majalisa ta yi dokar 1679, wadda ta tilasta wa mai tsare mutum ya fito da shi gaban alƙali ya faɗi dalili.

Masanin Faransa Montesquieu ne ya fi burge ni, wataƙila don shi ma ya taɓa zama a kujerar alƙalanci. Bai sa ransa ga samun shugaba nagari ba. Abin da ya rubuta a 1748 shi ne duk wanda aka ba iko yakan zarce da shi har sai ya ci karo da shinge, saboda haka mai yin doka daban, mai zartarwa daban, mai shari'a daban. Amurkawa suka gina kundinsu na 1787 a kan haka, mu kuma muka ɗauko irin tsarinsu a 1979. Faransawa a sanarwarsu ta 1789 suka rubuta cewa ba a kama kowa sai bisa doka, kuma mutum ba mai laifi ba ne sai an tabbatar.

Inda baƙon naku yake da gaskiya ba zan ɓoye ba. Locke ya zuba kuɗi a kamfanin da ke safarar bayi daga Afirka. Thomas Jefferson na Amurka, wanda ya rubuta a 1776 cewa an halicci mutane daidai, ya mallaki bayi fiye da 600 a rayuwarsa. Amma a dubi abin da bayin Haiti suka yi da maganar. Ba su ce ta Turawa ce ba su so. A 1791 suka tashi suka ce da mu ake, a 1804 suka kafa ƙasarsu. Hujjar ta fi ƙarfin masu ita, shi ya sa ta juyo kansu.

Mu ma mun ga rayuwa babu wannan shinge. Waɗanda suka yi wayo a 1984 suna tuna Dokar Soja ta 2, lokacin da ake tsare mutum a hana kotu ko da tambaya. Da a lokacin aka kama ɗan ƙanwata, lauyan nan ba shi da abin karantawa.

Roƙona gare ku, Malam Edita, ku ware shiri guda a karanta babi na huɗu na kundin tsarin mulkinmu, wato babin 'yancin ɗan Adam, da Hausa, sashe bayan sashe, a kawo lauya da jami'in ɗan sanda su amsa tambayoyin masu sauraro. Ranar da muka fito da yaronmu, na bar mata uku a kan wannan bencin da kwanukan abinci a cinya, kuma ba wadda ta san akwai awa 24 a rubuce.

Wassalam.

Naku mai sauraro,
Tsohon malamin tarihi, daga Zariya